Yadda ake hutun kamun kifi a gaɓar tekun Namibiya

In ka ji an ce hamada ta haɗu da teku, kada ka ɗauka zafi za ka tarar. Ruwan tekun da ke gudana a gaɓar, wanda ake kira Benguela, daga kudu yake tasowa da sanyinsa, hazo kuma kan rufe gaɓar har hantsi. Rigar sanyi da hula su fara shiga jakarka, kafin ma fatsa.

Daga garin Swakopmund ake kama hanya. Garin Henties Bay na arewa da kusan kilomita 70, kuma kada ka wuce nan ba ka cika tanki ba, ka sayi ƙanƙara, ruwan sha da koto. Takardar izinin kamun kifi daga ma'aikatar da ke kula da harkar kamun kifi ake karɓarta, ka riƙa yawo da ita a aljihu. Titin da ya yi arewa daga Henties Bay da gishiri aka daɓe shi. In ya bushe sumul yake, amma da ya sha raɓa sai santsi, don haka sassauta ƙafa.

Ni na fi son sansanin Terrace Bay, can cikin gandun dajin Skeleton Coast, sai dai tilas ka kama ɗaki tun da wuri, ka kuma wuce ƙofar Ugab, mashigar gandun, kafin ƙarfe 3 na rana. Sansanin Torra Bay kuwa a Disamba da Janairu kawai ake buɗe shi.

Gwaninta tana wajen karanta ruwa. Kada ka yi jifa ko'ina. Tsaya tukuna ka duba inda igiyar ruwa ke fashewa ta yi farin kumfa, tudun yashi ne a ƙasa. Inda ruwan ya yi duhu ya lafa, kwari ne, kuma nan kifayen da ake kira kabeljou da steenbras ke kiwo, musamman lokacin da teku ke cikowa. Nemi doguwar sanda da dalma mai ƙafafun waya, wadda za ta kafe a yashi. Koton kifin sadin yana da laushi, sai ka naɗe shi a ƙugiya da siririn zare mai talewa, in ba haka ba jifa ɗaya ya watse. Tsutsar teku kuwa doka ta hana sa ta.

Kifi 10 ne iyakarka a rana cikin manyan nau'o'in nan, kabeljou da bai kai santimita 40 ba kuma a mayar da shi ruwa. In za ka hau yashi da mota, rage iskar taya, ka ajiye ta nesa da inda ruwa ke kaiwa. Kular koto a rufe ta ruf, don dilolin wurin ba su da kunya.