Yadda ake zaɓen rediyon da zai jure wahalar wurin gini

Wurin gini ba ya rabuwa da rediyo. Birkila na jera bulo kunnensa na kan labaran safe, leburori na kwaɓa kankare suna gardamar ƙwallo, mai filasta a can ƙuryar ɗaki yana sauraron wa'azi shi kaɗai. Sai dai ƙaramin rediyon da ake saye a bakin titi ba don wannan wahala aka yi shi ba. Ƙurar siminti ta shige maɓallin murya ya fara ƙarƙara, eriya ta karye a ɗaure ta da wayar ɗaurin rodi, wani ya banke shi da baro, ruwan kwaɓi ya fantsamo masa. Kafin gini ya kai linta an sayi na biyu.

Shi ya sa kamfanonin kayan aiki irin su Makita, DeWalt, Bosch da Milwaukee suke ƙera rediyo na musamman don wurin aiki. Suna da tsada, kuma ba kowanne ne ya dace da mu ba, domin yawancinsu kasuwar Turai ko ta Amurka aka yi wa su. Mutane kan fara da tambayar wanne ya fi amo. Wannan tambaya ta bari sai can gaba, akwai waɗanda suka riga ta.

Mataki na farko: duba batirin da kake da shi

A yawancin wuraren gini babu wutar NEPA, gidan ma ba a ja masa waya ba tukuna. Janareta kuwa ba a tayar da shi sai za a yi walda ko yankan ƙarfe, kuma babu ɗan kwangilar da zai ƙona fetur don a ji labarai. Saboda haka rediyonka a kan batir zai yi rayuwarsa, kuma nan ne kuɗin yake.

Waɗannan rediyoyi ba sa cin batir irin na tocila. Suna cin batirin injin huda bango da sauran kayan aikin hannu, kuma kowane kamfani da irin bakin batirinsa. Na Makita, wanda suke kira LXT mai bolt 18, ba ya shiga rediyon DeWalt. Na Milwaukee, M18, ba ya shiga na Bosch. Sannan galibi ana sayar da rediyon ne jiki kawai, ba batir ba caja. Mutum ya ga farashi ya ce da sauƙi, sai ya zo gida ya tarar batir da caja sun kusa kamo kuɗin rediyon, wani lokaci ma su wuce. To idan kana da injin huda ko garanda mai batir, zaɓi ya riga ya zo da sauƙi: nemi rediyon kamfanin da ya yi su. Idan kayanka na Ingco ne ko Total, waɗanda ake samu a hannun masu aiki a nan, fara tambayar abin da ke cin batirinsu kafin ka kalli manyan sunaye.

Kada rubutun 20V ya ruɗe ka ka ɗauka ya fi 18V ƙarfi. DeWalt na rubuta 20V MAX a Amurka, ya rubuta 18V XR a Turai, alhali batir ɗaya ne. Ashirin ɗin shi ne abin da batir ke nunawa daidai lokacin da aka cire shi daga caji, sha takwas kuma shi ne ainihin ƙarfinsa a bakin aiki. Lambar da ta shafe ka ita ce wadda ke gaban haruffan Ah, wato yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Lissafinta ba wuya: ka ninka 18 da wannan lamba. Batir mai 5Ah ya ba ka 90, mai 2Ah ya ba ka 36. Idan rediyo na jan wat 6, sai ka raba da 6: na farko zai kai kamar awa 15, na biyu awa 6. Ke nan ƙaramin batir ba zai kai ka la'asar ba idan an ƙure murya kuma yara uku sun jona wayoyinsu a jiki.

Akwai 'yar mahaɗa da ake sayarwa mai sa batirin wani kamfani ya shiga injin wani. Tana aiki, amma ni ba na ba da shawararta ga rediyo. A wasu kamfanoni abin da ke hana batir zuƙewa ƙaf yana cikin injin ne, ba a cikin batirin ba. Rediyo kuwa abu ne da ake mantawa a kunne. A kwana a haka, da safe batir mai tsada ya ƙi karɓar caji.

Ka kuma tambaya ko rediyon na caja batir idan an jona shi da wuta. Wasu na yi, da yawa ba sa yi. Mai yi ya rage maka ɗaukar caja, domin duk sa'ad da aka tayar da janareta batir na samun rabonsa.

Mataki na biyu: gano ƙasar da aka yi wa shi

Wannan ya fi shafar na gwanjo, kuma a gaskiya yawancin manyan sunayen nan a gwanjo ake samunsu da sauƙin kuɗi. Juya bayansa, ko ka duba jikin adaftarsa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220. Ta Amurka 120, ta Japan 100. Idan ka ga an rubuta 100-240V, ba damuwa. Idan 120V kaɗai ka gani, jona shi a soket ɗinmu sau ɗaya ya isa ya ƙone shi. Za ka iya amfani da shi a kan batir kawai, amma ka sani wata rana wani yaro zai jona shi ba tare da ya tambaye ka ba.

Abu na biyu wanda mutane ba su cika sani ba shi ne takun tashoshi. A matsakaicin zango, wato AM, rediyon Amurka na tsallake goma-goma: 590, 600, 610. Mu da Turai tara-tara muke yi. Shi ya sa Rediyon Tarayya na Kaduna yake kan 594, Rediyon Kano kan 729, Nagarta kan 747. Rediyon Amurka mai lambobi a fuska ba zai taɓa sauka daidai kan waɗannan ba, sai ya tsaya kusa kana jin magana cikin shuu. A FM kuma yana bin lambobin da suka ƙare da mara, kamar 99.5 na Freedom ko 93.1 na Arewa Radio a Kano, waɗannan zai kama su lafiya. Tashar da ta ƙare da cika, kamar 100.0, sai ya tsallake ta. Wasu rediyoyin suna da wurin sauya takun a cikin saiti. Ka sa mai kaya ya nuna maka, kada ka yarda da "ai yana yi".

Mataki na uku: karanta lambar IP

A jikin kwali ko bayan rediyo za ka ga IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce. Biyar a farko na nufin ƙura na iya ɗan shiga amma ba ta kai ta hana aiki ba, shida na nufin ba ta shiga sam. Huɗu a baya na nufin yana jure fantsamar ruwa daga kowane ɓangare, biyar na nufin ko da tiyo aka fesa masa. Misali, Bosch GPB 18V-5 C lambarsa IP54, Makita DMR108 kuma IP64.

Turawa ruwan sama ne damuwarsu, mu kuwa ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shiga ko'ina, ga garin siminti duk sa'ad da aka farke buhu, ga farar ƙurar yankan tayil da ke tashi kamar an zazzage garin tuwo. Garin siminti ya fi ƙasar hunturu illa, domin da ya samu laima sai ya daskare. Don haka lambar farko ce abin dubawarka. Idan ka ga IPX4, wannan X ɗin na nufin ba a gwada shi da ƙura ba kwata-kwata. Ƙasa da IP54 kada ka saya. Kuma lambar tana aiki ne kawai idan murfin batir da 'yan robobin da ke toshe ramuka suna rufe. Na gwanjon da murfinsa ya ɓalle ba shi da sauran IP, ko me aka rubuta a jikinsa.

Mataki na huɗu: taɓa jikinsa

Nemi mai roba a kusurwoyi ko mai ƙarfe kewaye da shi, mai ragar ƙarfe a gaban lasifika, mai faɗin gindi da ba zai tuntsure a kan bulo ba. Eriya ta zama ta roba mai lanƙwasa ko mai kwanciya a jiki. Maɓallai su zama manya, waɗanda hannu mai siminti zai iya murɗawa. Ɗaga shi ka ji nauyi, ka tuna a bayan babur za a riƙa kai shi.

Mataki na biyar: me za a saurara?

A nan ne mutane suka fi yin da-na-sani. Yawancin masu aikinmu karatun Alƙur'ani, wa'azi da waƙoƙi a memori suke, amma manyan rediyoyin nan galibi ba su da ramin memori. Ramin USB ɗin da kake gani a jikinsu galibi na cajin waya ne kawai, ka sa filash ba abin da zai yi. Mafita ita ce Bluetooth ko wayar AUX daga wayar hannu. Bluetooth ya fi, domin wayarka na aljihu ba ta kwance cikin ƙura, sai dai tazararsa ba ta cika wuce mita 10 ba, bango kuma na rage ta. Wasu suna da ɗan akwati mai murfi na ajiye waya, abu ne mai amfani. Idan cajin waya na cikin lissafinka, duba ƙarfin wutar da ramin ke bayarwa, ko ya kai 2A ko fiye, don mai 1A yana daɗewa kafin ya cika waya.

Gajeren zango ma babu shi a yawancinsu, AM da FM kawai. Mai son BBC Hausa ko DW sai ya bi ta tashoshin FM da ke ɗauko shirye-shiryensu. Idan aikin a ƙauye ne mai nisa da gari inda FM ba ya kaiwa, ka tabbata akwai AM, domin wasu na Turai sun cire shi sun sa DAB a madadinsa. DAB tsarin rediyon dijital ne da ya kafu a Turai, har Norway ta rufe manyan tashoshinta na FM a 2017 saboda shi. A garuruwanmu ba a watsa shi. Kada ka ƙara ko kwabo don an rubuta DAB a kwali.

Mataki na shida: murya

Sai yanzu aka zo kan amo. Rabu da lambobin wat da ake bugawa da manyan haruffa. Kama tashar da ake magana, ba ta kiɗa ba, ka ja baya taku goma ka ji ko kana rarrabe kalmomi. Rediyo mai dukan ƙirji da ganga sau da yawa magana ba ta fita a cikinsa, kuma ɗakin da ba a yi wa silin ba yana ƙara dagula ta.

Ƙarfin murya ma yana da iyaka. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa ma'aunin ƙara a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Garanda ita kaɗai ta wuce wannan. Wanda ya ƙure rediyo don ya danne garanda kunnensa yake kashewa. Ga kuma abin da ya fi wannan: ranar zuba kankaren bene, ana miƙa kwanon sarki daga hannu zuwa hannu a kan tsani, dole idan wani ya ce "kauce!" a ji shi. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, rediyon ya yi yawa.

Mataki na bakwai: gwaji kafin biya

Ko a Sabon Gari ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, tafi da batirinka. Ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar ni in sa nawa." Batir ya shiga ya yi ƙas, ba ya girgiɗi. Kama tasha uku ko huɗu a FM, ɗaya a AM. Murɗa murya daga ƙasa zuwa sama a hankali kana sauraron ƙarƙara. Haɗa wayarka, jona caji ka ga ya ɗauka. Buɗe gidan batir ka leƙa: idan ƙarafunan sun yi kore ko fari, ruwa ya taɓa shiga. A wasu, kamar na Makita, akwai ƙananan batura biyu na AA a ciki masu riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, su ma sukan tsiyaye su ci wurin. Jabu sun fi yawa a batir fiye da rediyo. Wanda aka rubuta wa 6Ah amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi.

Idan kuɗin duk wannan bai samu ba, ba laifi ba ne ka sayi rediyon caji mai sola da ramin memori, ka sa kafinta ya haɗa masa ɗan akwatin katako mai raga a gaba da marataya a sama. Ba zai kai na kamfani ba, amma ba zai mutu kafin linta ba.

Bayan ka kawo shi wurin aiki, nema masa wuri mai tsayi kusa da taga, ta inda iska ba ta kwaso ƙurar kwaɓi. Rodin cikin kankare da rufin kwano na danne FM, janareta da injin walda kuma na sa AM kuka, don haka nisanta shi da su. Kada a bar shi a rana, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, domin batirin litiyam ba ya son caji da zafi a jikinsa, sai ya huce a inuwa tukuna. In an tashi aiki a goge shi da busasshen buroshin fenti, a cire batir. Ka rubuta sunanka da fenti a jikin rediyon da batirin duka, kuma ko da rediyon zai kwana a ɗakin maigadi, batirin ya bi ka gida.