Yadda za ka zaɓi inbata da batir kafin ka sa sola a gidanka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da yawa a Birnin Kebbi, Argungu da Jega sun jingine janareta sun koma sola, sai dai galibinsu suna fara tambayar girman inbata (na'urar da take juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida suke aiki da ita), alhali lissafin kayan wutar gidan ne ya kamata ya zo farko.

Ka rubuta duk abin da kake son ya yi aiki da dare da awannin da zai yi. Fanka uku masu wat 60 na awa 10 suna cin wat-awa (wato wat sau awanni) 1,800, ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa biyar 300, talabijin mai wat 60 na awa biyar shi ma 300, jimla 2,400. Batirin ruwa mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake riƙewa) da bolt 12 yana ɗaukar 2,400 ɗin, amma idan ana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba zai yi ƙarko ba, saboda haka biyu kake buƙata. Batirin litiyum, wanda yanzu ya cika kasuwa, yana jure a sha kashi 80 cikin 100 nasa, kuma a ganina tsadarsa ta fi sauƙi a kan sauya batirin ruwa a kai a kai.

Sai a zo kan inbata. Ka nemi wadda take haɗa wutar sola da ta NEPA, mai MPPT a ciki (na'urar da take daidaita cajin batir don a samu mafi yawan wuta daga sola), wadda wutarta ba ta sa fanka gurnani. Idan akwai firji ko injin jan ruwa, ka bar rara mai yawa, domin lokacin tashi suna jan ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsu.

Zafin Kebbi abin lura ne ƙwarai. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma zafi yana rage ƙarfin farantin sola, yana kuma gajarta ran batir, don haka a bar tazara tsakanin faranti da kwanon rufi, batir kuma a ajiye shi inda iska take shiga, nesa da madafa. Farantan su fuskanci kudu da ɗan karkata kamar digiri 12, a riƙa wanke su da sassafe a lokacin hunturu saboda ƙura. Kafin ka biya mai haɗawa, ka tabbatar ya sa waya mai kauri da na'urar kariya daga tsawa, ya kuma ba ka takardar garanti a hannu.