Yadda Za Ka Sayi Kayan Ɗaki Na Kwali A Ƙasar Waje, A Sauke Maka Su A Gida A Kano

Duk wanda ya zauna a Jidda ko Dubai ko Istanbul ko Landan ya san irin kayan nan: gado da sif da durowa da ake sayarwa a kwance cikin kwali, falle-falle, da 'yar ledar notuna da takardar zane, ka kai gida ka haɗa abinka. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, shi ya fi yin suna da su, ko da yake yanzu masu yi sun yi yawa, musamman a Turkiyya da Sin. IKEA ba shi da shago a Najeriya. Saboda haka wanda zai aurar da 'ya ko ƙanwa, ko ya gama gini a Rijiyar Zaki yana so ya zuba kaya kafin ya zo hutu, dole ya bi ta hannun 'yan kago, wato masu aikin ɗauko wa mutane kaya daga ƙasar waje ta jirgi.

Ka riƙe wannan tun daga farko: alhakin shago yana ƙarewa ne a ƙofar siton ɗan kago. Duk abin da ba ka duba ba kafin kaya su bar ƙasar, ya zama naka. Babu mai mayar da ƙofar sif daga Kano zuwa Dubai don launi bai yi ba.

Na farko, tace abin da ya cancanci kuɗin jirgi

Ba komai ake ɗaukowa ba. Kujerun falo iska ce da soso, za su cinye maka wuri a kwantena, kuma kafintocin Kano sun iya su. Katifa ma haka. Abin da a ganina ya cancanci wahala shi ne wanda ƙarfensa ya fi katakonsa daraja: sif mai ƙofar zugewa, durowar da ke rufuwa a hankali da kanta, kabad na kicin, kantocin littattafai. A nan ne aikin inji ya fi aikin hannu daidaito.

Ka kuma san da me aka yi su. Yawancin masu araha garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da fata mai ƙyalli. Yana jure zafin Afrilu, amma ba ya shiri da ruwa. A gidajenmu kuwa ana kwara wa tayil ruwa a wanke, kuma ɗakin amarya kullum cikin goge-goge yake. Gindin allon ya sha ruwa sau biyu sau uku, sai ya kumbura, ba ya kuma komawa. Ka zaɓi masu ƙafafun ƙarfe ko na roba da za su ɗaga su daga ƙasa. In gidan yana da tarihin gara, a yi feshi kafin kaya su iso.

Na biyu, awo

Kar ka yarda da "ai ɗakin babba ne, Yaya". Ka sa a samo tef ɗin awo, a kira ka ta bidiyo, a auna kana gani, a rubuta da santimita domin shagunan can da ita suke aiki. A auna faɗin bango, da tsawo daga tayil zuwa silin, ba daga siminti ba in ba a sa tayil ba tukuna. A lura da inda soket yake, da taga, da inda ƙofa ke buɗewa, da yadda fankar sama ta sauko.

Sif ɗin IKEA da ake kira PAX yana zuwa da tsawo iri biyu, santimita 201 da 236. Doguwar a kwance ake haɗa ta sannan a ɗaga, kuma wajen ɗagawa tana neman sarari fiye da tsawonta. Ɗakin da aka yi wa silin na ado mai saukowa sau da yawa ba ya ɗaukarta. Sai a auna hanya kuma: ƙofar gida, soro, kwanar bene. Kwalin da ya haura mita 2 ba ya lanƙwasuwa.

Maganar gado ita ce ta fi kayar da mutane. Mu a nan da ƙafa muke sayen katifa, shida-da-shida ko shida-da-huɗu-da-rabi. Gadajen Turai da ƙasashen Larabawa kuwa 140 ko 160 ko 180 ne a faɗi, 200 a tsawo. Ƙafa 6 santimita 183 ce. Ke nan katifarmu ta shida-da-shida ta fi gadon 180 faɗi da kaɗan, ba za ta zauna ba, ga kuma giɓi ta wajen ƙafa. Ingila da Amurka kowace da nata awon daban. Maganin abin mai sauƙi ne: ka ɗauki awon cikin gadon, ka ba dilan katifa a Kano ya sa a yanko maka daidai, tun kaya suna kan ruwa.

Na uku, nemi ɗan kago kafin ka biya shago

Mutane suna yin akasin haka, su sayi kaya sannan su fara yawon neman mai kaiwa, kwalaye jibge a falo. Ka fara da ɗan kago, wanda wani ɗan uwa ko ɗan kasuwar Kwari da ka sani ya taɓa aikowa ta hannunsa, kuma yana da ofis ko sito a Kano da ɗan uwanka zai taka ya gani da idonsa.

Ta ruwa ana cajin girman kaya ne, da abin da suke kira CBM, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tudu. Shafin kowane kaya a intanet yana nuna awon kwalinsa da nauyinsa, don haka za ka iya lissafi kana zaune. Kwali mai mita 2.4 da 0.6 da 0.1, in ka ninka su, ya ba ka 0.144. Ka tara na dukkan kwalayen, ka ƙara wani abu saboda katakon da za a ɗaure su a kai. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan CBM 33, ka ga kayan ɗaki ɗaya ba za su cika ta ba. Za a haɗa ka da wasu ne, kuma ba za ta tashi ba sai ta cika. Ka tambayi ranar rufe lodi.

Jirgin sama zuwa filin Malam Aminu Kano ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma da kilo ake biya, garin katako kuma nauyi ne da shi kamar dutse. Ka bar wa jirgin sama ƙananan abubuwa: hannayen ƙofa, fitilu, abin da aka manta.

Tambayoyin da za ka yi, kuma ka sa a rubuta amsarsu: kuɗin nan har da kuɗin fito na kwastam? Har Kano ne ko Legas? In har Kano ne, sito ko ƙofar gida? Da wane kuɗi za a biya ragowar, kuma da canjin wace rana? In kwali ya ɓata ko ya jiƙe, wa zai biya, nawa? Wanda ya ce maka "kar ka damu, Alhaji, mun saba" ya ƙi rubutawa, ka gaishe shi ka wuce.

Dokar shigo da kayan ɗaki a Najeriya tana yawan juyawa. A 2015 Babban Banki ya sa su cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, sai a Oktoban 2023 ya janye. Don haka ka sa ɗan kago ya faɗa maka matsayin da ake ciki a watan da za ka aiko. Rangwamen da ake yi wa mai dawowa gida na kayan da ya riga ya yi amfani da su ne, sababbi fil a kwali ba su ciki. Kar kuma ka yarda a rubuta kayanka da wani suna don a rage kuɗin fito. In aka buɗe kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, kai za ka yi asara, tare da duk waɗanda aka haɗa ku.

Na huɗu, saye

Abu ɗaya yakan zo a kwali biyu ko uku, an rubuta 1, 2, 3 a jiki. Sannan abin da ka gani an kafa a shago sau da yawa ba abu ɗaya ba ne. Jikin sif daban, ƙofofi daban, kantoci da sandar rataye kaya daban, wani lokaci hannaye ma daban. Gado yakan zo ba tare da katakan da katifa ke kwanciya a kai ba, wasu ma har ƙarfen tsakiya sai ka saya. Ka sa ma'aikacin shago ya buga maka jerin komai da lambar kowane kaya, ka bi shi layi-layi.

Ka sayi rarar abin da ke saurin lalacewa, kamar hinjin ƙofa biyu ko uku. In akwai fitila a ciki, ka duba wuta: tamu 230 ce, ta Amurka 120, don haka fitilar Amurka ba za ta yi ba sai da taransifoma. Madubi kuwa, ko dai a yi masa akwatin katako, ko ka bar shi a yanka maka a Kano.

A wajen adireshi ka sa na siton ɗan kago, da lambar wayar mai karɓa a can, ka kuma zaɓi ranar da kai ma za ka iya zuwa.

Na biyar, ranar sito

Wannan ce ranar da ba a wakilci in da hali. Ka ƙirga kwalaye da rasit a hannu. Wanda kusurwarsa ta lotse, ka buɗe a nan take, domin yau shago zai canza maka, gobe kuwa sai labari. Ka buɗe aƙalla kwali ɗaya na kowane kaya ka ga launi. Ledojin notuna ka tabbatar suna nan. Ni na fi son a ɗauki hotonsu a mayar a liƙe, maimakon a tara su wuri ɗaya su cakuɗe.

A naɗe kowane kwali da leda, a ɗaure su a kwance kan katako, kar a jingina su a tsaye. Ka rubuta suna da lambar wayar mai karɓa a Kano da babban alƙalami a gefe biyu, da lamba: 1 cikin 14, 2 cikin 14, har ƙarshe. Ka ɗauki hoton tarin, ka tura gida tare da takardar da ɗan kago ya ba ka.

In kayan biki ne, ka ba su aƙalla wata uku zuwa huɗu kafin ranar jere. Bayan tafiyar ruwa akwai jiran fito a tasha, akwai tafiyar tirela ta kusan kilomita 1,000 daga Legas. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, kana iya tambaya ko ta nan kwantenarku za ta sauka. Gwaggonnin amarya dai ba za su ɗaga jere don jirgi ya makara ba.

Na shida, saukewa a Kano

Ka naɗa mutum ɗaya tak, mai haƙurin ƙirga. In ka ce "ku je ku karɓo", kowa zai zaci ɗan uwansa ya duba. Ya je da hoton da ka turo, ya ƙirga kafin ya sa hannu, ya rubuta duk wani lahani a jikin takardar karɓa.

In gidan a cikin gari yake, irin lungunan Yakasai ko Mandawari, babbar mota a bakin titi za ta tsaya. A tanadi a-kori-kura ko 'yan kura, a yi ciniki da 'yan dako tun kafin a fara sauke kaya. A gaya musu dogon kwali mutum biyu ke ɗauka, ɗaya a kowane ƙarshe. In mutum ɗaya ya ɗora a ka, tsakiyar ce ke karyewa. A kauce wa Juma'a da rana, da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli. Da damina a zo da tamfol. In ba ranar za a haɗa ba, a shimfiɗa katako a ƙasa a jera su a kwance, nesa da taga.

Na bakwai, haɗawa

Kafintan da ya saba da guduma da ƙusa zai kalli takardar zanen ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba sai da takarda ba." Da ita za a yi. Babu rubutu a ciki, zane ne zalla, don haka ba maganar Turanci. Ka nemi wanda ya taɓa haɗa irinsu, masu shagunan kayan Turkiyya suna da yaran da aikinsu ke nan. A biya shi kuɗin aiki gaba ɗaya, a kuma ba shi yini guda, kar a tsaya masa a ka.

A buɗe kaya ɗaya a gama shi kafin a taɓa na gaba. A shimfiɗa kwalin a ƙasa a yi aiki a kansa saboda ƙarzuwa. Alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na ɗaure noti, da sukundireba sun isa yawancin aikin. In za a sa injin ɗaure noti, a sassauta masa ƙarfi, domin ramin garin katako in ya zarce ba ya sake riƙewa. Kar a sa gam, kar a ƙara ƙusa inda zane bai nuna ba. A haɗa sif a ɗakin da zai zauna, don jan sa daga ɗaki zuwa ɗaki yana kwance masa gaɓoɓi.

Sai ɗaurewa a bango, wanda kusan kowa ke tsallakewa. A 2016 IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito kan ƙananan yara sun yi ajalinsu. Yaro yana jawo durowa ya taka ne kamar tsani. Ƙarfen ɗaurewar yana cikin kwali, amma notin da zai shiga bango yawanci babu, domin bango iri-iri ne. Namu na bulo ne, don haka kafinta ya zo da injin huda da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don noti ya kama, in babu a aika Ƙofar Ruwa a sayo. Kar a biya shi cikon kuɗinsa sai an turo maka hoton sif da durowa a ɗaure.