Darasi na 9: Yadda za a gane rabuwar babbar lamba

Mata sun yi haɗin gwiwa, suka sari albasar Galmi suka sayar a kasuwar Tahoua. Da aka ƙirga kuɗi, sai aka rubuta a takarda: 378.000 sefa. Kada tsawonta ya tsorata ku. A bakin kasuwa jikka 378 ce, tunda jikka guda 1.000 ce, wato dala 200, kowace dala sefa 5. Abin da muke son sani shi ne mutum nawa za su raba kuɗin nan daidai wa daida, ba ragowa.

A fara duba wutsiyar lambar. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, tana rabuwa biyu. In ba haka ba, mara ce. Tamu ta ƙare da 0, saboda haka 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Sifili uku a jere kuma na nufin 4 da 8 ma za su raba, domin dubu kanta tana rabuwa gida takwas, 125 kowane.

Na 3 da na 9 ne masu daɗi, kuma nan mutane suka fi yin mamaki. A tara alƙaluman ɗaya bayan ɗaya: 3 da 7 da 8 sun ba da 18. Tunda 9 na raba 18, to tana raba 378.000 gaba ɗaya, haka ma 3. Ga dalili: 10 tara ce da ɗaya, 100 kuma 99 ce da ɗaya. Kowane goma, kowane ɗari, kowane dubu, in an cire masa abin da 9 ke rabawa, ɗaya ke saura. Waɗannan ɗaiɗaikun ne muke tarawa. In mata tara ne ke nan, kowa jikka 42.

Bakwai sai an zauna an raba da hannu: jikka 54 kowa, ba ragowa. Amma in mata 11 ne, lissafi ya ƙi. Kowa ta ɗauki jikka 34, jikka 4 ta yi saura, gara a bar ta a asusu da a tsaya neman canji.

Akwai lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu, irin 7, 11, 13 da 97. Mu kira su lambobin tushe, don da su ake gina sauran. Tamu, wato 378.000, 2 ce guda huɗu, 3 guda uku, 5 guda uku da 7 guda ɗaya, aka ninka su da juna. Babu 11 a ciki, shi ya sa ta ƙi rabuwa. Wani masani, Iƙlidis, ya nuna a Iskandariya ta Masar, sama da shekara 2.000 da suka wuce, cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

Aikin gida: a rubuta 531.000 a allo. Cika ce ko mara? Mutum 9 za su raba ta ba ragowa? Mutum 7 fa?