Kurakuran da iyaye ke yi kan yara da waya, da yadda za a gyara su

Yara da yawa a Kaduna ba su da wayar kansu, amma da wuya ka sami wanda ba shi da wayar da yake dannawa. Ta Umma ce, ko ta Yaya, ko tsohuwar Tecno ɗin Baba da fuskarta ta tsage aka jefa a durowa. Kuskuren farko daga nan yake: uba ya ce "ai ni ban saya masa waya ba," ya ɗauka ya sauke nauyi. Alhali yaron yana dawowa daga Islamiyya zai ce, "Umma, ara mini wayarki zan duba aikin makaranta," ita kuma tana fama da tukunya, ta miƙa masa ba ta ko waiwayo ba. A cikin wayar nan akwai manhajar banki, akwai guruf-guruf na WhatsApp da manya ke tura bidiyon haɗarin mota da gawarwaki, duk suna sauka da kansu cikin ma'ajiyar hotuna. Gyaran ba shi da wuya. A shiga saitin WhatsApp a kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye. A sa wa manhajar banki lambar sirrin da ba ita ce ta buɗe wayar ba, domin ta buɗe waya dai kowane yaro ya haddace ta tun rana ta biyu. Wayoyin Android kuma suna da tsarin kafe manhaja guda a fuska, yadda yaro ba zai fita daga wadda aka buɗe masa ba sai da lamba.

Na biyu ya fi yaɗuwa a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki, inda ake kai waya caji shago: tunanin cewa in babu data babu matsala. Xender, manhajar tura hotuna da bidiyo daga waya zuwa waya, ba ya buƙatar data. Yara biyu su zauna a bakin dakali bayan Magariba, kafin a kira Isha'i abin da ke wayar ɗaya ya koma ta ɗayan. Akwai kuma masu tura fina-finai da waƙoƙi a kan ƙaramin kuɗi, kuma ba kowane ne yake duba shekarun wanda ya miƙo masa memori ba. Saboda haka duba abin da yaro ya nema a intanet kaɗai bai isa ba. A buɗe jakar da Xender ke ajiye abin da aka karɓa, a duba memorin. Kuma a yi hakan a gabansa, ya san tun farko cewa sharaɗin riƙe wayar ke nan. Binciken sata da dare ba ya daɗewa, ranar da ya gane sai ya koyi goge sawu.

Sai batun wanda ya saita wayar. An sayo ta a kasuwa, mai shago ya ce bari ya buɗe mata Gmail, ya rubuta shekarar haihuwar da ta zo masa a kai, ya zaɓi lambar sirri da kansa. An tashi ke nan da wayar yaro ɗan shekara goma wadda Google ke ɗauka ta babba ce, mabuɗinta kuma yana hannun wani. Abin da ya dace shi ne uba ko uwa su buɗe wa yaron asusu da shekarunsa na gaskiya ta manhajar Family Link, wadda kyauta ce. Da ita ba zai sauke sabuwar manhaja ba sai an amince daga wayar iyaye, ana iya ƙayyade awannin da zai yi a rana, wayar kuma ta kulle kanta idan lokacin barci ya yi. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Uwar da ta ƙara wa 'yarta shekaru don a bar ta ta shiga TikTok, da hannunta ta cire kariyar da aka tanadar wa ƙanana, har da taƙaita saƙon sirri daga baƙi. A tuna kuma layin da ke cikin wayar da NIN ɗin wani babba aka yi masa rajista. Duk abin da aka aikata da shi, sunan mai NIN ɗin za a fara nema.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne wanda muka fi ɗauka tarbiyya ce: da an ga abin da bai dace ba, sai mari, sai bulala, sai ƙwace waya, sai a tara 'yan gida a yi wa yaro tonon silili. Ba ina cewa kada a tsawata ba. Amma a dubi yadda masu cutar da yara ke aiki. Wani zai shigo wa yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare da sallama da ladabi, ya yaba hotonta, ya tura mata katin ɗari biyar, gobe data. Mako ya zagayo yana tambayar yadda jarrabawa ta kasance, abin da wataƙila babu wanda ya tambaye ta a gida. Sannan ya nemi hoto ba mayafi. Sannan wanda ya fi wannan. Ranar da ta ƙi, sai murya ta canza: "Ko ki turo wani, ko in tura wa Babanki da guruf ɗin makarantarku." Yara maza ma ba su tsira ba. Su da hoton budurwa ake zuwar musu, a shafin bogi ko a hirar cikin wasanni irin su Free Fire, kuma abin da ake nema a wurinsu kuɗi ne. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da irin wannan damfara, wato sana'a ce da ake yi a cikin ƙasar nan.

Duk ƙarfin wannan mutumin a wuri ɗaya yake: ya san yarinyar ta fi tsoron Babanta a kansa. In gidan irin wanda ake duka kafin a saurara ne, to an riga an yi masa rabin aiki. Za ta yi shiru, ta daina cin abinci, ta fara ɗaukar kuɗin cefane tana tura masa. Don haka maganar da ya kamata yaro ya ji tun kafin komai ya faru ita ce: "Duk abin da ya same ki a waya, ko ke kika jawo, ki zo ki gaya mini. Faɗa na iya biyo baya, amma sai mun fitar da ke tukuna." Kuma ranar da ta zo, a cika alkawarin.

In abin ya riga ya faru, kurakurai biyu ake yi cikin ruɗewa, biyan kuɗi da goge hira. Wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Hirar kuma ita ce shaida. A ɗauki hoton saƙonnin da lambar wayarsa da sunan shafinsa da lambar asusun bankin da ya bayar, sannan a kai ƙararsa a cikin manhajar, a toshe shi, a je wurin 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta hotunan batsa na yara da yaudarar yaro ta intanet don lalata, jihar Kaduna kuma tana da dokarta ta kare yara tun 2018. Kada a tura hoton tsiraicin ga dangi wai don su ga abin da ya faru, wannan yaɗawa ce. Akwai shafin Take It Down na wata cibiyar kare yara a Amurka, wanda ke taimakawa wajen cire hotunan tsiraicin 'yan ƙasa da shekara 18 daga dandamali irin su Facebook da Instagram, ba tare da hoton ya bar wayar ba. In kuma har an kai ga haɗuwa ido da ido, asibiti ne farko, akwai cibiyar Salama, mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri.

Batun kuɗi gajere ne. A koya wa yaro cewa lambobi shida da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko mai kiran ya ce shi malamin makarantarsu ne zai sa shi a guruf. Da su ake sace WhatsApp a bi dangi da roƙon kuɗi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp. In kati yana ƙarewa ba dalili, a danna *305# a ga ko an shiga wani tsarin da ke cirar kuɗi, a kuma tambayi wanda ya ci bashin kati ta *303#. Caca ta ƙwallo ma ta shigo waya, yaron da ya fara zancen "wasa ɗaya ne ya yanke ni" ya riga ya fara.

Akwai kuskuren da ba na yara ba ne sam. Ranar komawa makaranta sitatus ya cika da hotunan yara cikin yunifom, bajon makaranta a ƙirji, lambar mota a bayansu, wani lokaci har ƙofar gida. A jihar da ta sha fama da masu garkuwa da mutane, wannan bayani ne da bai kamata a raba kyauta ba. In sai an sa, a zaɓi waɗanda za su gani, a yanke bajon.

Ga ƙanana kuwa, ba wa jariri waya don ya yi shiru ya zama ruwan dare. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In za a kunna musu, YouTube Kids ya fi YouTube na manya, duk da shi ma yana son a leƙa.

Dare ne lokacin da iyaye suka fi sakaci. An kawo wuta ƙarfe sha biyu, kowa ya tashi ya jona wayarsa, ta yaron ta kwana a gefen katifarsa da sunan caji, ga garaɓasar datar dare da kamfanoni ke sayarwa da araha. A sayi soket mai baki da yawa a ajiye a ɗakin iyaye. Bayan Isha'i duk wayar da yaro ke taɓawa a can za ta kwana, har da ta Yaya mai shirin rubuta JAMB.