Kurakuran da aka fi yi wajen nuna 'yan mata baƙar fata a littattafan yara da ajujuwa

Cibiyar CCBC ta Jami'ar Wisconsin a Amurka tana ƙirga littattafan yara tun 1985. A ƙirgarta ta 2018, kashi 27 cikin ɗari na littattafan dabbobi ne ko wasu abubuwa ke jan labarin, baƙar fata kuwa kashi 10 kacal. Wato zomo ya fi yarinya baƙa samun gurbi. Masu ƙoƙarin cike giɓin ma suna tafka nasu kurakuran.

Wanda ya fi yawa shi ne a ga fuska baƙa a bango a ce an gama. Buɗe littafin ka duba abu uku: wa ke magana, wa ke yanke shawara, wa ya warware matsalar a ƙarshe? Idan yarinyar ƙawar jaruma ce mai tafi daga gefe, ba a yi komai ba. Malama ta sauke duk littattafan ajinta, ta ja layi a takarda, ta rubuta amsoshin nan ga kowane littafi. Sakamakon shi zai nuna abin da za a sayo, ba kyan bango ba.

Sai ɗaure yarinya baƙa da labarin wahala. Makarantun Amurka da yawa ba sa fito da irin waɗannan littattafai sai a Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, kuma kusan duk a kan bauta da wariya. Labarin Ruby Bridges, 'yar shekara shida da jami'an tsaro suka raka makarantar fararen fata zalla a New Orleans a 1960, ya cancanci karantawa. Amma idan shi kaɗai ne, duk ajin zai juya yana kallon yarinya baƙa ɗaya tilo da ke zaune. Ga kowane littafin gwagwarmaya a ajiye uku ko huɗu na rayuwar yau da gobe, yarinya ta yi famfara, ta ɓata a kasuwa, ta yi faɗa da ƙaninta, a karanta su duk shekara.

Masu zane na da nasu. Wasu fuskar Baturiya suke zanawa su shafa ruwan ƙasa a kai. Wasu kuma kullum jarumar wankan tarwaɗa ce mai gashi har baya, baƙa wuluk ita ce mai mugunta. Kitso ma ana zana shi dunƙule guda, babu tsaga. A nemi hotunan yara na gaske, a ga yadda tsagar ke tafiya daga goshi zuwa ƙeya. A maɗaba'a kuma launin da ya yi kyau a kwamfuta yakan dushe, domin takarda marar sheƙi na shan tawada, hanci da leɓe su ɓace cikin duhu. A rage baƙar tawada a fatar, a gina launin da ja da rawaya, a sa haske a goshi da kunci, sannan a nemi bugun gwaji a kan ainihin takardar kafin a amince.

Akwai wanda ba a cika lura da shi ba: girmar da yarinya kafin lokacinta. Wani bincike na Jami'ar Georgetown a 2017 ya nuna manya na ganin 'yan mata baƙar fata, tun daga shekara biyar, ba su buƙatar kulawa da kariya kamar fararen tsaransu. A zane yakan fito da 'yar shekara shida riƙe da ƙugu tana harara. A aji kuwa, tambayar da za a kira kaifin basira a bakin wata, a bakinta tsiwa ce. Malama ta duba rahotanninta na zango guda, ta ga kalmomin da take maimaitawa ga kowace ɗaliba.

Kuma kada a tsayar da yarinya baƙa a gaban aji ta yi bayanin gashinta, balle a bar yara su riƙa taɓa shi. Idan suna da tambaya, malama ce za ta amsa.