Yadda Za Ka Samu Hoto Mai Kyau Wajen Kallon Tseren Babura na MotoGP

Masu gidajen kallo a Gusau da Ƙauran Namoda sukan lura cewa tsere ɗaya na MotoGP yana fita tangaran a wata tasha, a wata kuma ya zama dishi-dishi. Kamfanin da yake shirya gasar, wanda aka daɗe da saninsa da sunan Dorna, shi ne yake ɗaukar hoton tseren ya rarraba wa tashoshin duniya, saboda haka yawancin bambancin yana zuwa ne daga yadda kowace tasha take matse hoton kafin ta aiko shi. Babur mai gudun fiye da kilomita 350 a awa a filin Mugello na Italiya shi ne yake tona asirin tashar da ta cika matsewa, domin gefen hanya yakan farfashe ya koma ƙananan murabba'ai.

Ka fara zaɓar tashar HD, kamar ta SuperSport, ka haɗa dikoda da talabijin da wayar HDMI, ka ajiye tsohuwar wayar nan mai kawuna uku, wadda a ganina ita ce take lalata rabin hoton. Sannan ka duba saitin dikoda, domin tashoshin Turai da na Najeriya suna aiki da 50Hz, wato hoto yana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, na Amurka da Japan kuwa da 60Hz, kuma idan saitin bai dace da tashar ba, motsin babura zai riƙa sarƙewa.

Tseren Katar, wanda ake yi da dare ƙarƙashin fitilu tun 2008, yana buƙatar ka rage hasken allo kaɗan. Da damina kuma ka ɗaure dish sosai, don iskar hadari tana karkatar da shi.